Rubutun Yaya Hidaya a Gefen Shafi

Kaya, 9 ga Oktoba

Zuwa ga Yaya Hidaya,

Assalamu alaikum. Ina fatan kina lafiya, ya karatu, ya zaman Gusau? Inna da Baba suna gaishe ki. Shinkafarmu ta fara nuna.

Yaya, na yi ɓarna. Ranar Talata na bi Baba Mafara da na'urar karatun da kika bar mini. A shagon Kawu Sadi na haɗa ta da intanet ɗin wayarsa, sai ta tambaya ko ta sabunta manhajarta. Na amsa mata. Wani layi ya fara cika a hankali, fuskarta tana yin baƙi tana yin fari. Na tsorata. Kawu yana da baƙi, na ji kunyar katse shi, sai na danne madannin har ta mutu.

Tun ranar ba ta farka ba. Layin ya tsaya a rabi. Idan na karkata ta a rana, ina ganin inuwar shafin da na karanta na ƙarshe, kamar kifi a ƙarƙashin ruwan Bakolori. Wani lokaci nakan zauna gindin darbejiya da ita a cinya, ina jin kamar kalmomin suna can ƙasa suna iyo, suna jiran a kira su.

Na bar ta a caji wuni guda. Na danne madannin na ƙirga arba'in, kamar yadda malamin kwamfutarmu ya ce. Ta ƙyafta sau ɗaya ta koma yadda take.

Ba littattafan ne damuwata ba. Bayanan da kika rubuta a gefen shafuka ne. Wurin da kika ce kin yi kuka, da wurin da kika sa sunana kika ce yarinyar labarin ni ce. A gida ba mu taɓa yin irin wannan hira ba.

Ki yafe mini.

Ƙanwarki,
Taiba

Kaya, 23 ga Oktoba

Zuwa ga Yaya Hidaya,

Assalamu alaikum. Ya kike, ya jarrabawa? Saƙonki ya iso ta wayar Baba. Na gode da ba ki yi faɗa ba. Kin ce ba ki ajiye bayanan a ko'ina ba, kin ma manta abin da kika rubuta.

Malam Gajere mai gyaran waya a Mafara ya jona ta da kwamfutarsa, ya zuba mata manhajar sau biyu, ta ƙi karɓa. Ya ce sai an goge komai, ta dawo kamar sabuwa. Na roƙe shi ya ba ni mako guda. Ya yi dariya, ya tambaya ko istihara zan yi.

A makon nan, kullum bayan la'asar, nakan rufe ido in bi shafukan ɗaya bayan ɗaya, in rubuta abin da na tuna a bayan littafin lissafina. Na samu ashirin da uku. Wasu ban sani ba ko naki ne ko ni na ƙirƙira da muryarki.

Jiya ya goge. Ta farka, an mayar da littattafan, gefen shafukan fari fat.

Ina da roƙo, kuma a takarda kawai zan iya yinsa. Idan kin zo hutu, kada ki sake rubuta komai a ciki. Ki zauna kusa da ni mu karanta tare, ki faɗa mini da bakinki. Zan yi ƙoƙari in amsa.

Ƙanwarki mai kewarki,
Taiba