Murhun Inna a kan bulo

Daren Talata, 14 ga Maris, 1989

Wallahi Inna ta fi ƙarfina. Jiya likita ya nuna mana hoton ƙugunta, ya ce guringuntsin ya cinye, ƙashi na gogar ƙashi, ta daina tsuguno. Har na sanar da masu sayen tuwonta cewa an daina.

Yau da na dawo daga unguwar Bodija sai ga hayaƙi a tsakar gida. Ashe ta sa an ɗora murhu a kan bulo, tana tuƙi a tsaye, ƙafar hagu na rawa.

Na ce, "Haba Inna!"

Ko kallona ba ta yi ba, ta ce, "Tsuguno ya hana, bai hana tuwo ba. Miƙo min mara."