Mun Karya Dokar Likitocin Aure

Wayyo Mama, da kina raye da ban kai maganar nan jarida ba! Anti Maxine, ki taimake ni, kaina ya kulle.

Shekararmu goma sha tara da Baban Darlene, yara huɗu. Shekara uku ya yi yana kwana a kujerar falo, ba faɗa ba komai, abin ne kawai ya ƙi, kin dai gane. Fastonmu ya tura mu wajen likitocin nan na birnin St. Louis masu binciken kwanciyar aure. Su biyu ne, mace ɗaya namiji ɗaya, ga rikoda tana ɗaukar duk abin da mutum ya faɗa, ni da ko gaban unguwarzoma rufe ido nake. Sati biyu a otal. Wai kada mu kusanci juna sam, sai dai shafa baya da hannu, kowa ya faɗi yadda ya ji. Na ce ikon Allah, abin da ya kawo mu shi za a hana mu? Shi kuwa ya ce ai wannan dokar ya daɗe yana binta ba likita.

To Anti, kwana na biyar, da rana tsaka, muka karya dokar. Washegari likita macen ta tambaye ni ko mun karya dokar, na ce a'a, rikoda na juyawa. Mun dawo gida lafiya lau, ya koma ɗaki. Amma duk wata suna bugo waya, an ce littafi za su rubuta. In ƙaryata ta shiga ciki aka yi wa wata baiwar Allah magani a karkace fa? Shi kuma ya ce in na tona, kunya za ta mayar da shi falo. Ni dai... ana buga ƙofa, surukata ce, ita a saninta ciwon baya muka je yi wa magani...

Mai Ruɗani, Misuri

'Yar'uwa, kwantar da hankalinki, ba ku ɓata magani ba. An hana ku ne don a sauke wa maigidanki fargabar gazawa. Da ta sauka, jiki ya yi abinsa, kuma ba na jin ku ne na farko.

Damuwarki tana kan hanya, domin da gaskiyar mutane masu bincike suke aiki. Amma kunyarsa ma ba abin wasa ba ce, kada ki faɗa a bayan idonsa. Ki lallashe shi, ranar wayar ku zauna tare, ki faɗa wa likitocin a taƙaice yana ji. Laifin da ya gyara aure bai kai a ɓoye shi ba.

Allah ya ƙara danƙon ƙauna.

Anti Maxine