Kwamfutar da ke Bayan Buhunan Taki

Gaya, Litinin

Kawu Nu'uman,

Assalamu alaikum. Ina fata ka tashi lafiya, da mutanen Gafasa duka.

Na rubuto maka a matsayinka na shugaban ƙungiyar manomanmu, tunda manaja Ja'afar dariya kawai ya yi mini. Tsohuwar kwamfutar da ke sito, bayan buhunan taki, ita ke riƙe da taswirar kowace gona ta membobinmu. Babu mai kula da ita. An rubuta kalmar sirrinta da alli a bango, waɗanda suka bar aiki ma suna shiga ta wayoyinsu. Babu kwafi ko ɗaya.

Shekaranjiya na yi mafarki gonakin Ajingi sun ɗaga sama kamar tabarmi, mutane na bin su a guje.

A ba ni izini in rufe ta, kowa ya samu nasa mabuɗin.

'Yarka,
Umaima

Gafasa, Alhamis

'Yata Umaima,

Wa'alaikumus salam. Gero ya fara fitar da kai, idan iska ta bi ta cikinsa da hantsi sai ka ce ruwa ne ke tafiya.

Shekara tara injin nan yana aiki, ko tari bai taɓa yi ba. Marigayiya Hajara, matata, ita ta fara zuba sunaye a cikinsa. In na shigo Gaya nakan zauna kusa da shi in saurari gurnaninsa, sai in ga kamar yanzu za ta leƙo. Masu shiga kuwa duk 'ya'yanmu ne. Mu kulle wa na gida ƙofa? Mafarki kuma, ki yi addu'a ki juya kwanciya.

Allah ya yi miki albarka.
Kawunki

Gaya, Talata

Kawu,

Barka da war haka. Jiya Hansai ta Toranke, wadda mijinta ya rasu bara, ta zo karɓar taswirar gonarta. Ta daɗe tana kallo, sannan ta ce, "'Yar nan, ina tsamiyata ta tafi?" An matsar da iyakar, kunya goma sha biyu sun koma hannun maƙwabci. Ban san wanda ya yi ba, don kowa da suna ɗaya yake shiga.

Ina neman tsohuwar taswira a cikin kwamfutar sai na faɗa kan wani abu. Ashe Inna Hajara ta naɗi muryoyin dattawa suna faɗin iyakoki. Na kunna, sai ga muryarta a sito tana cewa, "Baba, a sake faɗa a hankali." Na zauna a kan buhu, na manta inda nake.

Guda arba'in ta naɗa. An goge talatin da uku, har da na gonar Hansai.

Ka gafarce ni.
Umaima

Gafasa, Laraba

Umaima,

Da safe na je Toranke, na taka iyakar da ƙafata. Tsamiyar tana gonar Hansai, zan shaida a gaban kwamiti.

Na umarci Ja'afar ya goge rubutun allin da ke bangon, ya damƙa miki sito. Ki rufe, ki yi kwafi uku.

Bakwai ɗin da suka rage, ki zuba su a waya ki kawo mini da kanki ranar Juma'a. Kada ki kunna sai na ce na shirya.

Kawunki