Tashar da Jirgi Ya Daina Tsayawa

Dogona, inuwar kaina, ruwan sanyina a tsakiyar bazara, Allah Ya kai haske kabarinka.

Na fita takaba, kuma na je tasharku ta jirgin ƙasa. Sau uku kana cewa in shirya mu je, sau uku ina cewa sai na gama bandar kifi. Ga shi ni da 'yarmu Jamila muka je, mota uku daga Warra, babu kai.

Ka tuna dariyar da nake maka a bakin tafki? Kana ɗinkin raga kana ba ni labari, wai kakanka ya yi wa jirgin gawayi ɗiban ruwa, babanka ya riƙe jan ƙyalle da kore na ba jirgi hanya shekara talatin, mata na miƙa rake da dafaffen ƙwai ta taga. Sai in ce ɗan tudu ya fara ƙarin gishiri. Ashe ba ka ƙara komai ba, hasken idona. Tankin ruwan na nan, ya yi tsatsa. Ɗakin tikiti ya zama na awaki. Jirgin fasinja na Talata da Asabar ya daina tsayawa tun kafin aurenmu, na kaya ne ke wucewa jefi-jefi. Duk da haka tsofaffi na fitowa su zauna kan dakali suna duban gabas.

Yayanka Sufyanu ya ce in bar masa Jamila, 'ya ta gidan ubanta ce. Ba da faɗa ya faɗa ba. Innata kuwa ta ce kada in kuskura in dawo Warra ni kaɗai. In bar Jamila, da me zan yi numfashi? In tafi da ita, wa zai gaya mata ko kai wane ne?

Ina cikin wannan tunani Jamila ta hau kan layin dogo tana tafiya, ta buɗe hannuwa. Wata tsohuwa da ba ta san mu ba ta dube ta, ta ce wannan jinin Zulkiflu ce. Rabon da in ji an kira sunanka ba tare da marigayi ba, wata biyar.

Na ce wa Sufyanu ya share ɗakin mahaifiyarku, mu biyu za mu zo bayan girbi. Ni da na buɗe ido cikin kwalekwale zan koyi jan guga. Ka yafe mini da zan bar ka kwance a Warra, masoyina. Inda aka san ka kana yaro, can zan tsufa.

Taka har ranar haɗuwa,
Sadiya