Tarin wanzami da jikan da ke Aderbissinat

Malama, a taimaka wa tsoho da shawara. Da daɗewa na taɓa jin wai likitar gwamnati, wato asibiti, ba ta kai labarin ciwon mutum wani biro, wato ofis, sai da yardarsa. Dariya na yi. Ni wanzami ne a tsohon garin Agadas, kuma a nan in ka yi atishawa a ɗaka, a kasuwa za a yi maka addu'a. Rabin labaran ma a ƙarƙashin askata ake sakinsu.

To, bana tari ya kama ni, aka auna, aka ce tarin fuka ne. Majo Kadidia, shugabar masu jinya a likitar unguwarmu, ta ɗora ni kan magani. Na zauna jiran gari ya ɗauka, shiru. Ga shi har na fara mai da jiki, maƙwabta na cewa furar da nake sha ce. Allah Ya saka wa yarinyar nan da alheri.

Ga inda na tsaya. Kafin awon, na je Aderbissinat sunan jikana, ɗan ƴata Zulaiha. Ni na yi masa askin suna, yana kan cinyata, ina tari. Yanzu majo na neman izinina ta sanar da likitar can a duba yaron. Ta ce in na so, har biron taimakon jama'a za ta kai sunana don tallafin abinci. Aderbissinat bakin hanya ce, Malama, magana na hawa mota kafin fasinja. In maganar ta zo nan, wa zai sake miƙo mini jariri? Amma fuskar yaron ba ta barin idona.

Na ƙarshen wanda ya faɗa mini zancen nan na riƙe sirri a likita Issouf ne, ina yi masa aski. Ya ce shi ma ya yi irin tarin, ya warke, ba wanda ya ji.

Tsohon wanzami, Agadas

Baba, sannu da jiki. Da farko, sunan da ka rubuto na canza shi, na sa Issouf. Amanar da majo ta riƙe maka, shi ma mutumin ya cancanci ka riƙe masa.

Tsoronka gaskiya ne, sana'arka a kan yardar mutane take. Sai dai jariri ba ya jure wannan ciwo kamar babba, kuma akwai maganin kariya in an duba shi da wuri. Ka ba da izinin gobe.

Izini yana da iyaka, kai za ka shata ta. Ka ce likitar can kaɗai za a sanar, don duba yaron da mutanen gidan kaɗai. Ka tambayi majo wa zai gani, kuma ko za a iya kiransu ba tare da sunanka ba. Biron tallafi magana ce daban, in ba ka so, ka ce a'a.

Kafin saƙon ya tafi, ka kira Zulaiha a talho, ta ji daga bakin ubanta. Ka kuma gaya wa majo sauran gidajen da ka yi askin suna kana tari, kada ka karɓi wani jariri sai ta ce lokaci ya yi.

Allah Ya ba ka lafiya, Ya raya jikan, ka yi masa askin sallah da hannunka.