Littafin taurarin Baba yana bayan madubi

Yaya Gado,

Assalamu alaikum. Ya gida, ya Safi da yara da mutanen Baoudetta? Ni lafiya lau nake nan Faransa. Jegon matar ɗana Rayyanu ya zo da sauƙi, sanyi ne kawai ke taɓa gwiwata.

Yaya, littafin marigayi Baba na lissafin taurari, wanda kake duba ranar shuka da shi, na san ka neme shi cikin adaka. Ni na ɗauko, ban shawarce ka ba. Rayyanu yana rubutu kan yadda malamanmu na dā suka haɗa karatun addini da ilimin sama, ya ce sati biyu zai duba. Da ya kai shi jami'arsu, sai ta ce takardun sun ruɓe, an rufe shi bayan madubi, cikin akwatin gilashi, wai gyaran sai shekara guda.

Na je da alwalata in kwafo maka shafin damina. Wata Baturiya ta ce, "Mama, in aka juya zai karye." Na tsaya ina kallon tawadar Baba, na kasa cewa namu ne.

Ka yafe mini, don Allah. Bana in hadari ya taso, ka shuka da abin da ka haddace.

Ƙanwarka,
Shamsiyya