Kanwar da na aika maka bakin teku

Zuwa ga ɗana Lawal, a can inda aiki ya kai ka.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaishe ka, da fatan kana lafiya, kai da abokan aikinka. Na rubuta a nan inda kowa zai gani ne saboda wayarka kullum ba ta shiga, wai kana cikin jirgin ruwa. Amma na lura shafin nan kana leƙa shi.

Na ga hoton da ka sa. Wata halitta kamar ƙwarƙwata, da ƙwai maƙale a bayanta. Ka rubuta cewa ranka ya ɓaci don ƙwanta kaɗan ne suka ƙyanƙyashe. Ina cin tuwo na ture kwanon.

Kada ka ɗauka ban gane aikinka ba. Da Babbar Sallah ka jefa ƙwan kaza a ruwan lemun tsami, ya kwana, ɓawon ya yi laushi. Ka ce hayaƙin motoci da na masana'antu yana narkewa a teku, ruwan yana ƙara tsami a hankali. Ka ce akwai ƙananan halittu masu yawo a ruwan, ido ba ya ganinsu sosai. Masu ɓawo a cikinsu ɓawon yana sirancewa, wasu ƙwansu yana lalacewa, 'ya'yan da suka fito kuma ba su girma da wuri. Su ne ƙananan kifi ke ci, manya su ci ƙanana. Na yi maka faɗan ɓarnar ƙwai, amma maganar ta zauna mini. Ƙazanta ce mutum ya ɓata ruwan da aka ba shi amana har abin da bai kai ƙwayar gero ba ya kasa haihuwa. Duk wanda ya ji wannan bai ji kunya ba, a binciki tarbiyyarsa.

To, kai fa?

Matarka Rabi ta haihu ba ka nan. An yi suna a Kurfi, baffanka Malam Sani ne ya tsaya a madadinka, sannan na taho da su wurina. Yarinyar ta zo ƙarama, kuma har yanzu in an ɗora ta a sikelin asibiti, sai ma'aikaciyar ta dubi sikelin, ta dube ni. Kai kullum da safe kana auna tsawon 'ya'yan ƙwarin teku. Nauyin Maryam ba ka taɓa tambaya ba.

Na sayi kanwa don kunun jego kamar yadda aka yi mini a haihuwarka. Ma'aikaciyar ta hana, don ƙafafun Rabi sun kumbura, tana haki in ta yi tafiya kaɗan. Sai na ƙulle kanwar na ba direba ya kai maka. Kowace mace a nan ta san in miya ta yi tsami ana jefa kanwa. Na san ƙulli ɗaya ba zai gyara teku ba, ban haukace ba. So nake ka kwance, ka gane kanwar jego ce, ka tambayi abin da ya hana mai jego sha.

Ka turo mini fuskar dariya, ka ce, "Inna ke nan."

Ranar na ji ƙyamar karatun da na yi ta tura ka yi.

Daga baya na tuna kana ƙarami, lokacin da mahaifinka, Allah ya jiƙansa, yake noman rani a Zobe. Ka ɗebo ruwan dam a kwalba, ka zauna kana kallon abubuwan da ke motsi a ciki. Na zubar, ka yi kuka har ka ƙi abinci, kana cewa na kashe su. Mahaifinka ya ce, "Bar shi, yaron nan tausayi gare shi." Wannan yaron nake nema, Lawal. Ban ce ka bar aikinka ba, ƙwarin nan ma suna buƙatar mai tsaya musu. Amma akwai wata ƙaramar halitta a ɗakina, kunnuwanta irin naka, tana riƙe yatsana da ƙarfin da ban san inda ta samo shi ba. Rabi ta daina tambayata yaushe za ka zo, kuma wannan ya fi ba ni tsoro.

Ka zo kafin arba'in, ka kai su asibiti da kanka, ka tsaya kusa da sikelin.

Allah ya ba Rabi lafiya, ya raya Maryam, ya shiryi masu ɓata ruwa, ya dawo mini da kai da hankalinka.

Mahaifiyarka,
Inna, daga Dutsin-Ma.